Ɗan da Ya Zauna a Cikin Mairo

Shekara talatin na yi ina aikin ungozoma a asibitin unguwar New Bell, amma ranar da Mairo ta hau gadonmu ba ta taɓa fita raina ba. Shekarun matsin tattalin arziki ne, da muke kira kiris, lokacin da komai ya tsaya a ƙasar nan. Safar hannu ma sai mun wanke mun shanya, maganin sa barci kuwa ko a manyan asibitoci nemansa ake yi.

Mairo mai sayar da kifi ce. Cikinta ya shiga wata tara, amma ɗan yana zaune, kai sama, ƙafa ƙasa. Ku sababbin ungozoma kun san ƙa'ida: a gwada juya shi da hannu ta waje, in ya ƙi sai tiyata. Likitarmu, Dokta Adama, ta gwada sau biyu. Tana ɗora hannu cikin zai ƙame kamar ganga.

To, Dokta ta koyo wata dabara a Faransa, ipnoz. Ba tsafi ba ne, magana ce a hankali har jikin mutum ya saki, yana ji yana gani. Tana yi da Faransanci ina fassarawa.

Dokta ta ce min, "Ce mata ta rufe ido, ta ɗauka tana hutawa a bakin teku."

Mairo ta buɗe ido ɗaya. "Inna, can fa nake rigima da masu kwalekwale kullum. Wane hutu?"

Muka yi dariya. Na ce, "To, 'yata, ina hankalinki yake kwanciya?"

Ta ce a ɗakin yayarta, in yayar tana yi mata kitso. Sai hawaye. Ashe yayar a tiyatar haihuwa ta rasu bara, kuma cikinmu ba wadda ta tambaya.

Dokta ta ajiye takardarta. "Inna Hauwa, ci gaba da Hausa. Ni zan jira."

Na koma wajen kanta, na zame ɗankwalin, ina tsefe mata gashi ina faɗi a hankali: ja numfashi, sake shi, ga tabarmar Yaya, ga ƙamshin man kitso. Sau uku tana zuwa muna haka, ba mu taɓa cikin ba. A zuwa na huɗu, da hantsi, cikin ya yi laushi kamar ƙullu. Dokta ta ɗora hannu, ta bi da ɗan sannu sannu har kansa ya koma ƙasa. Ta saurari bugun zuciyarsa, ta ɗago ta gyaɗa min kai.

Mairo, ido a rufe, ta ce, "Inna, an fara?"

"An gama, 'yata."

Bayan mako uku ta haihu da kanta, mace.

Ba zan ce muku magana ce ta juya ɗan ba. Akwai waɗanda muka yi wa haka bai yi ba, muka tura su tiyata, kuma daidai muka yi. Abin da na koya shi ne, mu kan ƙura wa ciki ido mu manta da mai cikin. Kafin ki ɗora hannu, tambaye ta me take tsoro, kuma ki zauna ki ji amsar.