Kofin Baba da Turmin Mama

A gidanmu da ke Azuba kowa shayi yake sha, ban da Baba. Shi kofi yake sha, kuma ba na leda ba, wanda ya ce toka ce aka yi wa kwalliya. Ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota zuwa Mambila, can ya koyo shan na gaske. Har yau wani tsohon abokin aikinsa yana aiko masa da ɗanyar ƙwayar a gindin buhu. Mudu ɗaya yana kai shi watanni, kuma ya fi na leda araha nesa ba kusa ba. Wannan bayanin muna jin sa sau uku a rana, kamar shan magani.

Yayana ne yake haɗa masa. Da ya tafi makaranta, aikin ya rasa mai yi, ni kuma ina da buƙata. Duk dogon hutu Baba da Kawu, wato yayan Mama, suna tafiya gonar doya can bayan Ashige, su kafa bukka, su yi mako guda suna haƙar sabuwar doya. Ana gasa doya a ci da manja, ana wanka a rafi, babu shara, babu aike. Amma Baba yana da doka: ba ya tafiya da mai baki kawai, sai mai aiki. Shekara uku ke nan ana bari na a gida ina kallon kaji.

Na ce, "Baba, ni zan riƙa haɗa maka kofi a gona."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke? Ke da kika ƙona ruwan zafi?"

Ban ƙona ruwa ba. Tukunyar ce ta ƙone bayan ruwan ya gudu ya bar ta.

"To, Madam," in ji shi, "gobe da safe moɗa ɗaya. Idan ya shiga, kin shiga mota."

Na sha ganin yadda yayana yake yi. Na ɗora kasko a kan gawayi, wuta kaɗan, na zuba ƙwayar ina juyawa ba tsayawa, har ta fara tas-tas kamar gugguru, launinta ya koma na ƙuli-ƙulin da ya ɗan wuce. Hayaƙin ya sa maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko taya muke ƙonawa. Na sheƙe a faifai, na bari ta huce. Saura daka. Ɗan turmin da yayana yake amfani da shi na neme shi sama da ƙasa ban gani ba, sai na jawo ƙaramin turmin Mama, wanda take daka yaji da kayan kunu a ciki. Na goge shi sau ɗaya da gefen zanina. A ganina ya fita tas.

Da safe na tafasa ruwa, na sauke, na bari ya daina fushi, na zuba cokali biyu na garin, na rufe. Da ya jiƙa na yayyafa ruwan sanyi kaɗan don garin ya kwanta, sannan na tace da tsumma mai tsabta.

Baba ya kurɓa. Ya sake kurɓa. Zufa ta tsattsafo a kan hancinsa.

"Wannan shi ne Mambila!" Ya buga cinyarsa. "Kin ji yadda yake cizon harshe? Ashe duk shekarun nan ruwan wanki yaron nan yake ba ni!"

Haka na shiga mota da tabarmata, ina ɗaga wa kaji hannu.

Kawu mutumin koko ne, kuma tun da aka ɗaura auren iyayena yake tsokanar Baba. Muna hawa ya ce, "Baturen Azuba, yau har da kuku ka zo?"

"Ka jira safiya," in ji Baba. "Za ka sha abin da zai sa ka nemi gafarar cikinka." Daga nan har Ashige bai rufe baki ba. Ko direban sai da ya ƙara gudu.

A gona babu turmi. Na ƙulle gasasshiyar ƙwayar a tsumma, na ɗora a kan dutse, na yi ta dukan ta da wani dutsen kamar ta zage ni. Itacen ya sha ruwan sama, na hura wuta har idanuna suka koma na mai kukan mutuwa. Amma komai na yi daidai, ban tsallake ko ɗaya ba. Na miƙa musu moɗa biyu, na tsaya ina jiran tafi.

Baba ya kurɓa, fuskarsa ta faɗi. Kawu ya kurɓa, ya juya ya ba ciyawa.

"Suruki, don wannan ruwan gawayin ka cika mana kunne a hanya?"

Leburori uku da ke gefe suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Baba bai kula su ba, ni ya duba.

"Motar doya za ta koma gari gobe da hantsi. Idan na gobe ma haka ya fito, ki nemi wuri a kan doyar."

Ranar na kwashi doya kamar jaki, kaina yana ta lissafi. Ƙwaya ɗaya ce, hannu ɗaya ne, cokali biyu ne. Na zargi ruwan rafi, na zargi hayaƙi, har dutsen na harara.

Da rana aka gasa doya. Na buɗe gwangwanin yajin da Mama ta daka mana ana gobe za mu taho, sai wani ƙamshi ya bugi hancina. Na sake shinshinawa. Kofi! Mama ta daka yajinta a turmin bayan na gama da shi. Idan kuwa kofina ya shiga yajinta, to yajinta na baya ya riga ya shiga kofina: citta, kanumfari, masoro da ɗan barkono. Cizon Mambila ashe daga kicin ɗinmu ya fito.

Kawu yana gefe yana dangwala doya. "Kai, ƙanwata ta iya yaji," yake cewa. "Na yau ma har wani ƙamshi na musamman yake." Na danne dariyata da lomar doya, saura kaɗan ta shaƙe ni.

Washegari na juya musu baya a gindin murhu, na ɗebo yajin a bakin cokali, na sake shi cikin tukunya. Direban ya riga ya fara loda doya.

Baba ya kurɓa. Na zuba wa hancinsa ido kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Sai ga zufa.

"Yawwa! Jiya ƙwayar ce ba ta saba da ruwan nan ba. Oya, ba Kawunki."

Kawu ya karɓa yana yatsina, ya kurɓa, ya yi tari, ya sake kurɓa. "To ai wannan ɗan'uwan kunu ne. Me ya hana ka faɗa tun farko? 'Yata, akwai saura a tukunyar?"

Motar ta tafi da doya, ni kuma na tafi rafi.

Da muka dawo gida Mama ta tare ni a kicin, ta nuna turmin da haɓa. Na ba ta labari duka. Ta yi dariya har ta zauna a kan buhun gari, sannan ta ce in riƙa neman izini. Har yau idan Baba ya yi baƙo yakan yi masa bayanin ƙasar Mambila mai sa kofi cizo, Mama kuma sai ta tuna ta bar wani abu a kan wuta.