Ranar da Maikano Ya Ƙi Shan Madara

Maikano mutumin Achika ne, gajere, mai faɗin ƙirji, ga taurin kan tsiya. Matarsa Uwani takan ce ko ruwan sama aka ce ya fake wa, sai ya tambayi dalili. Amma duk gardamarsa, shekara goma sha bakwai ya yi yana haɗiye wata magana bai taɓa tauna ta ba.

A wani gidan gona yake aiki kan hanyar Indabo, inda ake ƙyanƙyashe ƙwan kaji da inji. Kafin a jera sabon ƙwai, shi da abokin aikinsa Ya'u ke turara ɗakin. Su zuba fomalin, wani ruwa mai hawa kai, a kan wani gari cikin kasko, hayaƙi ya turnuƙe don ya kashe ƙwayoyin cuta. Su ɗaure hanci da tsumma, su fito ido jawur suna tari. A bakin ƙofa kuwa mai gidan, Alhaji Zubairu, ya tanadar wa kowa gwangwanin madara. Ai kowa ya san madara na wanke guba. Masu fentin mota ita suke sha, haka masu feshin gona. Maikano yakan huda nasa da ƙusa ya kwankwaɗe, har ya sa wa Alhaji albarka.

Sai hancin Ya'u ya toshe, haɓo ya ƙi tsayawa, ƙullutu ya fito masa a wuya. Maikano ne ya raka shi asibiti a Kano. Likitar ta tambayi sana'arsu, da ta ji sai ta ajiye biro. Ta ce ciwon daji ne a bayan hanci. Ba za ta rantse fomalin ne ya jawo ba, amma an daɗe da sanin yana jawo irinsa.

Maikano ya ce, "To likita, madarar da muke sha fa?"

Ta ce, "Baba, madara ciki take tafiya. Hayaƙin nan ta hanci yake shiga. A ina suka haɗu?"

Maikano bai taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Ta rubuta masa abin da ya kamata: takunkumi mai matata, wanda ake canja wa matatar, da tabarau mai rufe ido ruf, da doguwar safar hannu ta roba, kuma kada kowa ya koma ɗakin sai fanka ta kwashe hayaƙin sarai.

Ya'u ya rasu tsakiyar damina. Bayan addu'ar bakwai aka kawo ƙwai, Alhaji ya sa a kira Maikano. Uwani ta bi shi har zaure tana roƙo ya yi a hankali, 'ya'ya shida ne a gidan, gonarsu kuwa ba ta kai su ko rabin shekara. Ya san gaskiya ta faɗa, ya dai saka takalminsa.

A gaban ma'aikata ya miƙa wa Alhaji takardar likita, ya ce ba ya shiga sai an sayo kayan.

Alhaji ya ce, "Haba Maikano, rai da ajali ai na Allah ne."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Amma in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira, ni kuwa na ji."

"To a ƙara masa madara, a ba shi biyu."

Maikano ya karɓi gwangwanayen, ya buɗe ƙofar ɗakin turaren, ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu cikin ladabi. "Bismilla, Alhaji. Ga kasko can, ga fomalin. Ka shiga ka zuba, in ka fito ni zan huda maka da kaina."

Alhaji ya dubi ƙofar, ya dubi ma'aikatansa, ƙafarsa ba ta motsa ba. Da kunya ta ishe shi sai ya ce Maikano ya kwashi kayansa ya bar masa gida. Ya waiwayi sauran ya ce wa zai shiga. Kowa ya sunkuyar da kai, ba wanda ya ɗaga ƙafa.

Maikano ya koma Achika, yana noman ɗan abin da ya samu, ran Juma'a ya je kasuwar Wudil ya yi dako. Wahala kam sun sha ta, shi da Uwani. Bayan mako uku direban gidan gonar, Nu'uman, ya tsaya ya gaya masa an sayo kayan duka, har da fanka.

Uwani ta ce, "To Malam, ka koma mana ka ba shi haƙuri."

Ya ce, "Haƙurin me? Wanda ya kamata a ba haƙuri yana maƙabarta."

Alhaji bai aiko ba, shi ma bai je ba. Kayan da ya rasa aikinsa dominsu, har yau bai taɓa saka su ko sau ɗaya ba.