Janar Biyu a Bakin Tafkin Jabi

Tun rasuwar aminiyata Murja nake zuwa bakin tafkin Jabi in zauna inda muka saba zama. Yau ga wani dogon tsoho tsaye gaban dokin haya, da farin kaftani da sanda, ƙafarsa ta hagu tana rawa. Hannunsa mai laushi ne irin na 'yan gidan sarauta, amma tsayuwarsa ta soja ce. Ina jin a dā rundunar mahaya yake jagoranta.

"Baba, likita fa ya hana," in ji 'yarsa.

Shi dai yana shafa wuyan dokin, yana tambayar mai shi yadda ake kiran dokin.

"Janar, Oga."

Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya. "Ashe abokin aiki ne. Kai ma ritaya suka yi maka?"

Ya miƙa wa 'yarsa sandar, ya yunƙura zai hau. Ƙafar ta zame daga likkafa, amma tsohon ya ƙi a tallafe shi. A karo na biyu sai ga shi bisa sirdi, bayansa a miƙe. Da Murja na nan, da ta rangaɗa guɗa.

'Yar ta share ido, ta dubi mai dokin.

"Sakar masa linzamin."