Dalmar da Na Riƙa Gumtsa a Baki

Assalamu alaikum. Masu cigiyata, ga ni. Ban mutu ba, ban kuma gudu da yadin kowa ba. Rabona da rubutu a nan tun kafin azumi, saboda hannun da zai riƙe wayar ne ya ƙi. Yau da shi nake rubuta wannan, a hankali.

Ga wanda bai san ni ba, ni tela ne a Soron Ɗinki, aikin hannu nake yi wa manyan riguna. Da allura nake ci da iyalina.

Da kawuna ya rasu, ni na gaji bindigarsa ta toka, don maharbi ne. Na gyara takardunta, na shiga cikin tsofaffin abokansa. In kaka ta wuce mukan fita daji ta Ƙofar Dawanau, wata rana mu dawo da zabo, wata rana mu dawo da labari.

Daga nan sha'awa ta ja ni na fara zuba harsashina da kaina. In narka dalma a soro, in turo ƙofa don kada maƙwabta su ishe ni da tambaya. Abin ya shiga raina sosai, har matata Hajara take cewa tun da na samu kaskon dalma na daina gane hanyar cikin gida.

To shi tela, bakinsa shi ne hannunsa na uku. Allura baki, zare baki, maɓalli baki. Haka na riƙa gumtsar ƙwayoyin dalmar a kumatu ina ware manya da ƙanana. Tsofaffin ma haka na ga suna yi in za su ɗura bindiga, sai ban ga laifin abin ba. In na gama kuma in fasa goro da hannun nan.

Da murɗar ciki ciwon ya fara. Sai in yi kwanaki ban zaga ba, bakina kullum ɗanɗanon ƙarfe, ga saurin fushi, abu kaɗan in hau yara da faɗa. A kemis aka ce taifot. Da magani ya ƙi, aka ce olsa. Yayata ta aiko da jiƙon basir, wani ya ce a nemi tsari, hassada ce.

Duk na daure, har wata safiya ina aikin rigar wani Alhaji, tsohon mai kawo mini ɗinki, allura ta suɓuce ta faɗi. Na kai hannu zan ɗauka, sai na ga ya langaɓe daga wuyan hannu kamar alayyahun da ya kwana. Na yi, na yi, ya ƙi ɗagowa.

Na yi kuka ranar, ba na jin kunyar faɗa. Ciwon ciki nawa ne ni kaɗai, amma hannun nan na gidan ne gaba ɗaya.

Sai asibiti. Layin kati tun da asuba, ɗibar jini, hoton kai don ana tsoron shanyewar ɓarin jiki. Hoto ya fito lafiya, jini kuma aka ce ya yi ƙasa, ba a san dalili ba. A nan babur ɗina ya tafi, na sayar na biya kuɗin asibiti.

Wata likita ce ta sa na buɗe baki, ta haska dasashina ta daɗe tana kallon wani baƙin layi a gindin haƙora. Ta tambaye ni ko ina gyaran batir ko haƙar zinare. Na ce ni tela ne. Hajara, da ba ta cika magana gaban mutane ba, ta ce:

"Malam, gaya mata abin da kake yi a soro."

Da na gama bayani likitar ta ajiye biro. Ta ce, "Ba wanda ya yi maka komai, Malam. Gubar dalma ce, kaɗan-kaɗan ka riƙa haɗiyarta." Na tambaye ta hannun fa. Ta ce ba za ta yi mini alkawari ba, jijiya tana da nawa, amma tana farfaɗowa.

Gwaji ya tabbatar. Aka kwantar da ni, aka sa ni kan maganin da ke fitar da gubar, mai tsada da wuyar samu. An gwada Hajara da yaran ma, Allah Ya taƙaita, nasu bai kai na haɗari ba. Jiran wannan sakamakon ya fi mini jinyar ciwo.

Bayan sallama sai zirga-zirgar sashen gashi, inda ake motsa gaɓoɓi. An ɗaure mini hannu da katako, ana koya mini tsince wake daga faranti, ni da nake zura zare a allura ba tare da na duba ba. Watanni ina wannan kafin wuyan hannun ya motsa da kansa.

Ran da na sake kama allura, ban ankara ba na kai ta baki. Hajara ta fizge, muka kalli juna, muka fashe da dariya.

Shawarata ga 'yan'uwana maharba da duk mai taɓa dalma: kada ta shiga bakinka, kada ka narka ta inda iyali ke kwana ko a rufaffen ɗaki, ka wanke hannu da sabulu kafin goro ko abinci. Ni dai na ajiye kaskon, na fi son hannuna. In kuma ka je asibiti, kada ka tsaya kan sana'arka kawai, ka faɗa wa likita har abin da kake yi don nishaɗi.

Alhamdulillahi. Allah Ya saka wa likitar nan, da Hajara, da duk wanda ya yi mini addu'a. Sai Alhaji mai riga. Sau biyu ina aika masa rigar ya kai wa wani tela, yana dawo mini da ita, wai hannun da ya fara shi zai ƙarasa.

Na ƙarasa ta makon jiya. Aska ɗaya a ƙirjin ta ɗan karkace, na ce ya bari in warware. Ya riƙe hannuna ya ce kada in kuskura, da ita zai je Juma'a a haka.