Bindiga a Kan Teburin Shayina

Ƙanen matata ne ya kashe mini teburin shayi. Da bindiga ya kashe shi, ko da yake bai taɓa harba ta a wurin ba ko sau guda. Na faɗa tun farko don kada wani ya ce na yi kewaye-kewaye. Ni ba mai ilimi ba ne, aji biyu na sakandare na tsaya can Wurno, amma ba sai da takarda mutum ke sanin an taka shi ba.

Teburin yana bakin titin da ya fito Wurno ya nufi Goronyo, kafin a kai mararrabar Rimawa. Mahaifina ne ya kafa shi, ni na gada. Daga an sallame asuba har rana ta ɗaga, bencina uku ba su rabuwa da mutane. Masu lodin albasa, masunta da ke kawo kifi daga dam, direbobi, manoman fadama da laka har gwiwa. Ranar kasuwa kuma Fulani makiyaya su sauko su cika benci guda.

Doka ɗaya ce a wurin, kuma ita ma gadonta na yi. Akwai dogonyaro a gefen rumfata. Duk wanda zai zauna, sai ya fara jingine abin hannunsa a gindinsa. Manomi ya aje laujensa, mahauci wuƙarsa, makiyayi sandarsa, mai icce gatarinsa. Ba a rubuce take ba, kuma ba ni tuna ranar da na roƙi wani. Baƙo ma in ya ga tulin kaya a gindin icce, sai ya aje nasa. Dalili kuwa a fili yake. A teburin shayi ake gardamar siyasa, a nan ake faɗin shanun wane sun shiga waken wane. Mutum in hannunsa babu komai, iyakarsa ya yi zagi, ya bugi tebur, gobe ya dawo ya ce a zubo mai kauri. Na ga mutum biyu da ke shari'a gaban alƙali suna miƙa wa juna sukari a bencin nan.

Ba sai na tsaya ba mutumin gabashin Sakkwato labarin abin da ya same mu a shekarun ga ba. Ɓarayin daji sunka hana noma, sunka kwashe mutane, ƙauyuka sunka watse. Samari sunka haɗa kai suna tsaron gari. Ban ga laifinsu ba. Akwai waɗanda in na gan su nike miƙewa tsaye, don na san inda sunka shiga saboda mu. Kuma su ɗin, in sun zo shan shayi, su kan bar bindigoginsu wurin guda daga cikinsu can gefen titi, su zo su zauna kamar kowa.

Shi ƙanen matata daga baya ya shiga cikinsu. Mutum ne da ya ba talatin baya, bai taɓa riƙe sana'a ta kai damina biyu ba. Ya yi kabu-kabu, ya yi faci, ya yi dillancin albasa, ko wace da yadda ta ƙare. Sai ga shi wata safiya da jar riga, layu har wuya, da bindiga ƙirar maƙera, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, an naɗe gindinta da robar taya. Ya wuce dogonyaro kamar bai gan shi ba, ya shimfiɗa ta a kan teburina, tsakanin burodi da gwangwanin madara.

"Mijin yaya, a zubo mai kauri. Yau manya sun zo."

Na ce, "Manya su kai kayansu gindin icce tukuna."

"Wagga ai ba lauje ba ce," in ji shi. "Amaryata ce. Ka taɓa ganin an aje amarya a ƙasa, tsohon banza?"

Anka fashe da dariya, ni ma na yi yaƙe. Nan ya kama ni. Kowa ya san wasan da ke tsakanin ƙanen mata da mijin yaya. Ya cire maka hula tsakiyar kasuwa, ya kira ka rago gaban surukai, dole ka yi dariya. In ka ɗaure fuska, kai ne ƙaramin mutum. Da wani ne can, da na tada shi tun ranar. Shi kuwa ya naɗe abin cikin wasa, ya san ba ni da ta cewa. Na zuba mai shayi.

Washegari ya dawo da bindigar, jibi ma haka. Kafin sati biyu abokansa biyu masu irin halinsa sun koya. Bindiga uku a kan teburin da ake yanka burodi.

An yi gardama a kai, ba a ce ba a yi ba, amma sai bayan sun tashi. Wani direba ya ce shi ya fi son shan shayi kusa da bindiga. "In mutanen ga sunka ɓullo, da cokali za ka tare su?" Wani masunci ya ce mai, "In sunka ɓullo, ita za su fara nema, da wanda ke zaune kusa da ita. Kai ke nan, sarkin tsoro." Direban ya ce ai zamani ya canza, dokar gindin icce ta lokacin zaman lafiya ce. Ni ban ce ba shi da gaskiya gaba ɗaya ba. Har ƙusa na buga a ginshiƙin rumfa, taku uku daga benci, na ce wa ƙanen matata ya riƙa rataye ta nan, idonsa a kanta. Ya ce taku uku ai shi ne tsakanin rai da mutuwa. Bindigar da in ta tashi sau ɗaya sai an zauna an sake yi mata ɗuri kamar ana cusa gero a buhu.

Abin ƙyamar ba tsoro ba ne kawai. Baƙin man da yake shafa mata ya ɓata mini ledar tebur. Warin albarushi da na zufar layu ya kama burodi, har wani ya mayar mini da rabi ya ce garejin kanikawa yake ji. Amma wanda ya fi tada mini zuciya shi ne yadda manyan mutane sunka koma. Teburin da in ka ce rana ta fito sai wani ya ce ƙarya kake, ya zama duk abin da wanga ya faɗa, sai a ce haka ne. Ran nan ya ce shayi mai sukari da yawa yana maganin taifot. Akwai malamin asibiti zaune, mai furfura, ya gyaɗa kai. Na dube shi, ya dubi kofinsa.

Akwai wani tsoho makiyayi daga wajen Kwargaba, kowa Baffa yake ce mai. Tun zamanin mahaifina yake zuwa duk ranar kasuwa. Baƙin shayi yake sha, ya ce farin abin da ke cikin gwangwanina bai taɓa ganin saniya ba. Shi ma ɓarayin sun kore mai shanu, ba su bar shi don yarensu ɗaya ba. Wata ranar kasuwa ya zo, ya jingine sandarsa inda ya saba, ya yi sallama, ya zauna ƙarshen benci. Na aje mai kofinsa.

Ƙanen matata na zaune daura da shi. Yana motsa shayi da hannun dama, ya sa yatsan hagu ya fara juya bindigar a kan tebur, sannu-sannu, kamar mai wasa da murfin kwano, har bakinta ya tsaya saitin ƙirjin tsohon.

"Baffa, ina labarin daji? Yaranku suna lahiya?"

Tsohon ya ce, "Lahiya lau, alhamdu lillahi."

"Ɗanka babba, kwana biyu ba mu gan shi kasuwa ba. Ko ya samu aikin da ya fi kiwo?"

Tsohon ya dubi bakin ƙarfen, bai dubi mai shi ba. Sannan ya ɗago kai ya dube ni. Ni ya duba. Ina tsaye da buta a hannu, tururi na dukan fuskata, na yi shiru.

"Wasa nike yi, Baffa! Sha shayinka," in ji ƙanen matata, yana dariya.

Wane wasa? Mi ya haɗa shi wasa da sa'an kakansa? Tsohon ya ture kofin a hankali, ko rabi bai sha ba. Ya tashi, ya ɗauki sandarsa, ya ce, "A tashi lahiya." Na zubar da shayin a ƙasa na ɗauraye kofin, kuma har yau ban yafe wa kaina shirun da na yi ba.

Kasuwa ta gaba bencin makiyaya babu kowa. Ta gaba ma haka. Sannan masunta sunka koma wurin wani mai shayi can tsallaken titi, wanda shayinsa kamar ruwan wankin kwano yake. Masu lodi sunka bi su. Ba wanda ya yi mini faɗa, ba wanda ya ce ga dalili. Su gaishe ni daga nesa, su wuce. Ruwan da nike ɗorawa sau huɗu kafin hantsi ya koma sau ɗaya, shi ma ya yi saura. Direban da ya ce ya fi son zama kusa da bindiga, shi ne ma na farkon tsallakawa.

Na kai ƙararsa wurin wani dattijo da samarin ke jin maganarsa. Ya ce in yi haƙuri, lokaci ne, su ke tsare mu. Na ce wanga bai tsare kowa ba sai burodina. Ya ce kuma ai ƙanenka ne, wasa ne tsakaninku. Matata ita ma ta ce in bi shi sannu, ƙuruciya ce. Ƙuruciya da gemu.

Na bar tebur wata ranar kasuwa, abin da ban taɓa yi ba, na tafi kara inda ake cinikin dabbobi. Na iske tsohon tsugune gefen awaki. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ya yafe mini, ya dawo wurinsa.

Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce, "Ɗana, ni ban ji haushin yaron ba, irinsa sun yi yawa yanzu. Amma shekara nawa ina aje sandata don ku kunka ce a aje? Na zauna hannu wofi saboda na yarda da mai wurin. Ranar nan na duba, ban ga mai wurin ba."

Na yi mai sallama na taso. A hanyar dawowa na haɗu da ɗaya daga cikin samarin kirki masu shiga daji. Na tambaye shi yadda ƙanen matata yake in an fita. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce duk ran da anka bi sawun ɓarayi, shi ake bari bakin gari yana gadin babura, kuma shi ke roƙon a bar shi.

Da safe ƙanen matata ya zo kamar kullum, shi da abokansa biyu. Ban da su, mutum ɗaya ne a benci, wani kurma mai sayar da goro. Ƙanen nawa ya shimfiɗa bindigar a kan tebur.

"Mijin yaya, ina mutanenka? Ko sun gano ruwan rijiya kake sayar masu?"

Ban taɓa buta ba. Na zagayo na tsaya gabansa, kusa har ina jin warin layunsa.

"Mi na na kuma? Yau fushi ake da ƙane?"

Na ce, "Saurara, don ba ni maimaitawa. Wasan da ke tsakanina da kai na janye nawa, daga yau. Ka zo gida ka gaida 'yar uwarka, ka ci tuwo, ba ni hana ka. Amma nan ba ka ƙara shan ko ruwan zafi. Maza na shiga daji, kai kana gadin babura, sannan ka zo ka auna tsohon da ya aje sandarsa don ya yarda da ni. Shi kaɗai ka iya aunawa. In kana son zama bencin ga, ka tahi kara ranar kasuwa, ba bindiga, ba laya, ka durƙusa gabansa cikin mutane ka ce ka yi rashin kunya. In shi ya dawo, kai ma ka dawo. In ba ka iyawa, na gwammace in zauna ni da kurman ga har in sayar da butar. Ɗauke ƙazantarka daga kan burodina, ka tashi."