Kare Guda Ne Ya Ci

Wata rana ina ƙarama, a bakin murhu, akwai ni, da yayana Maman, da Zabi ɗiyar maƙwabta, da Inna tana kirɓa fura, sai kakata Dije. Lokacin girbi ne, hayaƙin kara na cika mana ido.

Kaka ba ta buɗe baki sai kowa ya naɗe ƙafa. Ta ce ga ta nan tafe, mu riƙe ta da kyau. Wani gari ne, kare guda ya ci naman maigari. Mutane sunka ce karnuka sun ci nama, anka kore su daji gaba ɗaya. Da kura ta zo, babu mai haushi. Ta kwashe awakin garin tas.

Maman ya ce, "Ai su sunka jawo ma kansu."

Kaka ta murɗe mishi kunne. "Su wa? Nawa ka ƙirga, sarkin baki? Guda ya ci. In guda ne, ka ce guda!"

Bana jikata Rabi tana kwalej a Filinge. Da marece na ji tana haddar Ingilishi: in mai yin abu guda ne, maganar da kamarta; in suna da yawa, sai ta sake. Mushensu, wato malaminsu, ya ja mata jan biro don ta gama guda da taro. Ban taɓa shiga lakwal na yi boko ba, amma na ce mushen nan ya yi daidai.

Rabi ba ta rufe baki ba sai ga ubanta Idi, ɗana, yana huci. "Makiyaya sun cinye min wake! Bana ba wanda zai shiga karanmu."

Kowace kaka shanun wani makiyayi, Jaɓɓo, ke cin karan gonarmu su bar mana taki, tun zamanin ubanshi. Rairayin nan, ba taki, ba hatsi.

"Shanun wa?" na ce.

"Na wani baƙo ne, Inna, amma duk..."

"Baƙo guda! Da gemunka za ka kori taki saboda mutum guda? Ɗiyarka a ja mata biro, kai a bar ka?"

Ya fita, ko tuwo bai ci ba. Har yanzu raina na ɓaci. Da ina ƙarama na zaci karnuka ne abin tausai a tatsuniyar nan. Ashe masu awaki ne.

Da safe na ɗauki sanda na tafi ruga, na ce Jaɓɓo ya koro shanunshi. Na zauna bakin gona ina jiran Idi.