Wuƙar da Muttaka Ya Shiga Teku da Ita

Ranar Asabar, 6 ga watan Yuli, 2024, wadda ta yi daidai da 29 ga Zulhajji, 1445, Allah Ya karɓi ran Muttaka Mika'ilu Yauri a tekun da ke gaɓar jihar Terengganu. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Labarin ya iske ni bayan la'asar, ina tsaye a kasuwar Chow Kit ina zaɓen kuɓewa. Washegari aka kawo gawa Kuala Lumpur, muka sallace shi, muka rufe shi a nan, nesa da kogin Kwara da ya yi wasan ƙuruciya a cikinsa. Ya bar mata ɗaya, Bashira, da 'ya'ya biyu, Zuhra da Haidar, da kundin digirinsa na uku a kan murjanin teku, saura babi biyu ya kammala.

Muttaka, ni ne Hambali. Mutane da yawa sun rubuta alherinka, kuma duk gaskiya suka faɗa. Ni akwai wata maganar wuƙa tsakanina da kai, wadda ta hana ni hawa bene in yi wa matarka gaisuwa har kwana uku. Ita na zo in faɗa, amma bari in fara da abin da kowa ya sani.

Shekara huɗu muna zaune a gini ɗaya a Setapak, kai a hawa na tara, ni a na shida. Kusan duk Bahaushen da ya sauka garin nan karatu a tsawon wannan lokaci, a motarka ya baro filin jirgi, kuma kafin a iso gida ka gama koya masa yadda ake hawa jirgin ƙasa da abincin da cikinsa ba zai ɗauka ba. Lokacin da matata Walida ta haihu ina Kano wurin tattara bayanan bincike, kai ka yi zirga-zirgar asibiti, kai ka yi wa yaron huɗuba, ba ka kuma taɓa tayar da zancen ba. Ran Juma'a kakan shigo da kifi daga Chow Kit ka rarraba gida-gida, kana yi mana gorin cewa mu Kanawa ba mu san kifi ba sai wanda ya bushe.

Kowace Lahadi da safe kana cikin kududdufin wanka na gininmu kana koya wa 'ya'yanmu iyo. Ni ma ka gwada. Wata uku ka yi kana fama da ni, ban taɓa sakin ƙarfen gefe ba, daga ƙarshe ka ce ai dutse ma halittar Allah ce.

Kai jikan Sarkawa ne. Kakanka da mashi yake farautar kada, mahaifinka da taru ya ciyar da ku, kai kuma ka goya tukunyar iska ka shiga ƙarƙashin teku da allon rubutu. Bashira 'yar Gusau ce, ba ta haɗa komai da ruwa ba sai na sha da na wanka. Wata rana ta ga bidiyon shak, kifin nan mai manyan haƙora, ya kama wani mai nutso. Ta ce ko ka bar nutso ko ta koma gida. Ka yi bayani har ka gaji cewa na wajen da kake aiki ƙanana ne, su suke gudun mutum. Ba ta saurara ba. Sulhun da aka yi shi ne wuƙar.

Wuƙa ce da aka ƙera don masu nutso da mafarauta. A ido ba ta fi ta mahauci ba, sai dai a cikin ƙotarta akwai 'yar kwalbar gas kamar babban yatsa, da wata siririyar hanya da ta bi cikin ƙarfen har baki. Idan dabba ta kawo hari aka soke ta aka danna maɓalli, gas ɗin duka zai tafi cikin jikinta lokaci guda, ya kumbura ta, ya daskarar da abin da ya taɓa, ya taso da ita saman ruwa. Kwalba ɗaya, dannawa ɗaya. Yadda aka yi wuƙar ta shigo ƙasar nan ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na sani, ka yi wa Bashira alkawarin ba za ka shiga ruwa ba sai da ita a ɗaure a ƙafarka, da gas a ciki. Shekara biyu kana cika alkawari, ba ka taɓa danna maɓallin ba.

Sai Babbar Sallar bana. Mu gida shida muka tafi wata gona a bayan Gombak don yin layya. Malam Datti, babbanmu a nan, ya yanka ragona, aka zo fiɗa. Mutanen ƙasar nan rataye dabba suke yi su bi ta da wuƙa a hankali. Mu kuwa mun saba a tsaga fata a ƙafa, a hura iska har rago ya kumbura, a bubbuge shi, fata ta rabu da nama. Famfon keke muke amfani da shi, ni aka ba aikin kawo shi, na kuwa manta shi a bakin ƙofa. Aka dubi juna. Maza shida, kowa na jiran a fara kiransa Dakta, babu mai son a gan shi durƙushe da ƙafar rago a baki.

Ni na tuna jakar nutsonka tana bayan mota.

Na ce, "Muttaka, kawo wuƙar nan mana. Gas ne fa, same principle, second ɗaya an gama."

Ka ce, "Hambali, ba a yi ta don wannan ba. Kuma last cartridge ɗina ke nan, kwalbar ƙarshe."

"Haba, boleh lah, zai yiwu mana. Ni ne injiniya a nan ko kai?"

Aka yi dariya, aka goya mini baya. Ka kasance mutum mai jin nauyin jama'a, sai ka je ka ɗauko. Da hannuna na karɓa, na tura ta, na kuma tura fiye da yadda ya kamata, na danna.

Ƙarar kamar tayar mota ta fashe. Ragon ya yi tsalle daga ƙasa alhali matacce ne, cikinsa ya yage, tumbi da hanji suka watsu har kan farar shaddar Malam Datti. Mai gonar ya fito a guje. Rabin naman bai ciwu ba. Mutane suka yi ta dariya har da masu zama a ƙasa, ni ma na yi, don ba ni da abin da ya fi. Kai kaɗai ne ba ka yi ba. Ka tsuguna ka sa hannu a wurin da wuƙar ta shiga, ka kira ni in taɓa. Naman ya yi tauri, sanyi kamar ƙanƙara, a cikin wannan zafin. Ka ce, "Ashe haka za ta yi wa mai rai." Ka goge ta ka mayar kube.

Kwana goma sha tara ke nan kafin rasuwarka.

Saƙon farko da ya shigo zaurenmu na waya cewa kawai ya yi ruwa ya ci ka. Can wani da bai san komai ba ya rubuta wai shak ne. Ina karantawa na ajiye kuɓewar. Na san wanda ya ƙarar da kwalbarka ta ƙarshe, na kuma san a kan me. Kwana uku na zauna cikin maza a ƙasa ana karɓar gaisuwa, ana cewa ga babban amininsa nan, ina amsawa. Tsoro nake ji, ba wani abu ba.

A rana ta uku Hisham ya zo da jakarka. Ɗan ƙasar nan ne, abokin bincikenka, tare kuka nutsa ran nan. Ya ce babu wani shak. Wani tsohon taru ne da masunta suka yar, ya maƙale a kan murjani, igiyar ruwa ta kaɗo shi ya nannaɗe Hisham. Ka koma ka yi ta yanka har ka fitar da shi, ka tura shi sama. Kafin ka biyo baya tarun ya juyo ya kama tukunyar da ke bayanka, inda hannunka ba ya kaiwa. Da aka iso gare ka iskarka ta ƙare, wuƙar na hannunka. Hisham yana faɗa yana kallon ƙasa. Da ya miƙo mini ita na kwance ƙotar, na ga wayam.

Gas ba ya yanka taru, wannan ko ban yi karatun injiniya ba na sani. Amma bai sauke mini nauyin ba. A kan alkawari Bashira take sakinka ka tafi, ni kuwa na fasa wannan alkawari a cikin tumbin rago don a yi dariya. Na ga ba daidai ba ne ta yi takaba tana yi mini kallon amini ba ta sani ba. Na ce wa Walida ta raka ni.

Daga bayan labule ta amsa gaisuwata. Na faɗa mata komai, tun daga famfon da na manta. Sai ta ce wa Walida ta duba saman firji ta ɗauko gwangwanin biskit. Walida ta buɗe a gabana. Kwalabe uku ne a ciki, sababbi, ko ledarsu ba a cire ba.

Ta ce, "Malam Hambali, kwana biyu bayan Sallah ya sayo su. Ran da zai tafi yana haɗa kaya na ga bai ɗauka ba, na yi masa magana. Ya ce, 'Maman Zuhra, na ga abin da wuƙar take yi da idona. Kifayen nan a gidansu nake samunsu, ba zan iya yi wa wata halitta haka ba. Ki yafe mini alkawarin.' Na ce na yafe. Ni na sake shi, ba kai ba."

Na mayar da murfin gwangwanin. Ta ce in tafi da kwalaben, tunda ni ne injiniya, na san inda ake kai irinsu. Wuƙar kuma a bar wa Haidar idan ya girma, haka nan yadda take, babu komai a ƙotarta.

Ga ta nan, Muttaka, na faɗa. Kuskurena ne ya nuna maka abin da kake ɗauke da shi, kai kuma ka ajiye, ka shiga teku da wuƙa kamar ta kakanninka, ta kuma ishe ka fitar da mutum ɗaya da rai. Ban san ko in kira wannan laifina ba. Na dai san ina kewarka, kuma ran Lahadin da ta wuce yara sun sauko da kayan wankansu, suka tsaya a bakin ruwa, babu wanda ya shiga.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Hajiya Daso da 'yan'uwanka a Yauri, ga Bashira da Zuhra da Haidar, ga Hisham, da jama'armu ta Kuala Lumpur baki ɗaya. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari, Ya tsaya musu a ƙasar da ba tasu ba. Allah Ya karɓi mutuwarka a matsayin shahada, Ya yalwata kabarinka, Ya yafe kurakuranka. Ka tausaya wa kifin da ko haɗuwa da shi ba ka taɓa yi ba. Allah Ya tausaya maka fiye da haka, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.